Annemarie Jacir: Bafalasɗiniyar da ke shirya fim, ta koyar da shi, ta kai shi ga masu kallo

A shekarar 2003, wani dattijo mai suna Mustafa Abu Ali ya shiga Birnin Ƙudus a ɓoye domin ya kalli fim ɗin da shi da kansa ya shirya. Ba shi da izinin hukumomin Isra'ila na shiga birnin, duk da cewa a wani ƙauye da ke gefensa aka haife shi.

Fim ɗin, wanda ya fito a 1974, ya nuna rayuwar 'yan gudun hijirar Falasɗinu a sansanin Nabatiya na ƙasar Labanon da ruwan bama-baman da aka yi musu. Wadda ta shirya bikin da aka haska shi, ta kuma taimaka aka shigo da dattijon, ita ce Annemarie Jacir, a lokacin ba ta cika shekara 30 ba.

A yau ana sanya ta cikin fitattun daraktocin ƙasashen Larabawa. Sai dai a wurin Bafalasɗine, ɗaukar fim rabin aikin ne. Wa zai koya wa na baya? A ina za a haska shi? Wa zai adana shi?

Daga Riyad zuwa New York

An haifi Jacir a 1974 cikin wani tsohon gida na Kiristocin Baitalami. Ta tashi a Saudiyya, tana zuwa gida lokacin hutu, kafin ta wuce Amurka tana 'yar shekara 16. Ta yi digirinta na biyu a fannin fim a Jami'ar Columbia da ke New York.

A jami'ar ce ita da Farfesa Hamid Dabashi suka kafa shirin Dreams of a Nation domin tattara finafinan Falasɗinawa da nuna su. Sun yi bikin farko a New York a farkon 2003, sannan ta ɗauko shi ta zagaya da shi garuruwan Falasɗinu.

Dalilin wannan ɗawainiya yana da tushe. Tun ƙarshen shekarun 1960 masu ɗaukar hoto irin su Abu Ali suke tara finafinan gwagwarmaya, amma rumbun da aka adana su a Beirut ya ɓace lokacin da Isra'ila ta mamaye birnin a 1982. Sai da aka bi kwafin da suka warwatsu a ƙasashen waje kafin Falasɗinawan gida su ga wasu daga cikinsu a karon farko.

Finafinanta huɗu

A 2003 ɗin dai, gajeren fim ɗinta Like Twenty Impossibles ya shiga jerin waɗanda bikin Cannes na Faransa ya zaɓa. Labarin wasu masu shirya fim ne da shingayen binciken sojoji suka tarwatsa aikinsu.

Dogon fim ɗinta na farko, Salt of this Sea, wato Gishirin Wannan Teku, ya fito a 2008. Labarin Soraya ne, wata 'yar Brooklyn da ta je neman kuɗin kakanta da suka maƙale a wani banki a Jaffa tun 1948. Kafin a kammala aikin, Isra'ila ta hana Jacir komawa Falasɗinu a 2007, dole ta ɗauki wani ɓangare a Marseille ta Faransa, ta kuma koma Amman da zama.

Daga tuddan Jodan ana hango Falasɗinu, amma ba ta da halin tsallakawa. Wannan hali ne ya haifar da When I Saw You na 2012, labarin Tarek, yaro ɗan shekara 11 da yaƙin 1967 ya raba da mahaifinsa, ya kuma ƙi yarda cewa sansanin gudun hijira ne gidansa. Ya lashe kyautar fim mafi kyau daga nahiyar Asiya a bikin Berlin na 2013.

Wajib na 2017 ya fi su sauƙin labari. Uba malamin makaranta da ɗansa da ya dawo daga Italiya suna zagaya Nazarat a mota, suna raba katin ɗaurin auren 'yar gidan hannu da hannu kamar yadda al'ada ta tanada. A hanya suke ta musu kan wanda ya yi daidai: wanda ya zauna ya haƙura, ko wanda ya fice. Mohammad Bakri da Saleh Bakri, uba da ɗa na gaskiya, su ne suka fito a ciki, kuma fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Dubai.

Na huɗun shi ne Palestine 36, kan boren da Falasɗinawa suka yi wa mulkin Birtaniya daga 1936 zuwa 1939. Saura 'yan kwanaki a fara ɗaukarsa yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, aka dakatar da aiki, aka mayar da wani ɓangarensa Jodan. An fara haska shi a Toronto a 2025, ya kuma lashe babbar kyautar bikin Tokyo. Duka huɗun sun wakilci Falasɗinu a neman shiga gasar Oscar.

Aji da gidan gado

Jacir ta koyar a Columbia da Jami'ar Baitalami da ta Birzeit, ta kuma gudanar da bita a sansanonin 'yan gudun hijira a Falasɗinu da Labanon da Jodan. Kamfaninta, Philistine Films, yana ɗaukar matasan yankin aiki yana horar da su, domin kada a riƙa ɗauko masu kyamara da sauti daga Turai duk lokacin da za a yi fim.

Ita ma ba ta daina neman sani ba. Bayan ta yi suna, ta shafe lokaci tana koyo a hannun daraktan China Zhang Yimou ƙarƙashin wani shiri na kamfanin Rolex.

A Baitalami kuwa, ita da 'yar'uwarta Emily Jacir, wadda fitacciyar mai fasaha ce, sun mayar da gidan kakanninsu da aka gina a ƙarni na 19 cibiyar fasaha da bincike mai suna Dar Jacir. Gidan yana kusa da katangar da Isra'ila ta gina. A watan Mayun 2021 sojoji sun kutsa cikinsa, sun yi ɓarna, sun kwashe kayan aiki. An gyara shi, aka ci gaba da karɓar ɗalibai da masu fasaha.

Mustafa Abu Ali ya rasu a 2009, shekara shida bayan ya kalli fim ɗinsa a Birnin Ƙudus.