Mikro na ɗaukar waƙa a gida: wanne ya dace da ɗakunanmu?

Tambaya ce da ke yawan zuwa mana, daga matasan Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, haka ma daga 'yan uwa da ke Abijan, Aljeriya ko Faransa: yaro na kaɗa gita yana waƙa, yana so ya ɗauki sautinsa a gida ba sai ya biya kuɗin situdiyo ba, to wane mikro za a saya? Amsarmu ba ta farawa da sunan kamfani. Tana farawa da ɗakin da za a zauna a yi waƙar, da kuma wutar da za a yi aiki da ita.

Mikro iri biyu ne za ku fi gamuwa da su. Na farko shi ne dinamik, irin wanda kuke gani a hannun mai wa'azi ko mawaƙin biki. A cikinsa akwai 'yar fata siririya da zaren waya da mayen ƙarfe. Murya ta kaɗa fatar, motsin ya zama lantarki. Ba ya buƙatar a ba shi wuta, kuma abin da ke kusa da bakinsa ya fi ji. Na biyu shi ne kondansa, wancan mai kyan gani da ake ratayewa a situdiyo. Fatarsa ta fi ta dinamik sauƙin kaɗawa nesa ba kusa ba, shi ya sa yake kama har numfashi da zamewar yatsa a kan tsirkiya. Amma sai an ba shi wuta, galibi volt 48, ta wani ɗan akwati da masu shago ke kira carte son.

A hotunan YouTube kondansa ake yabo, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai su a ɗaki mai shiru suke, mu kuwa ku dubi inda muke. A cikin Maraɗi kabu-kabu da adaidaita ba sa tsayawa. A Tibiri manyan motoci na bin hanyar Yamai dare da rana. A Jiratawa injin ban ruwa na kuka a fadama. Ga zakara, ga awaki, ga maƙwabciya tana daka. Kondansa ba ya zaɓe, duka zai kwaso. Sannan yawancin sababbin ɗakuna siminti ne da rufin kwano, murya ta bugi bango ta dawo, a ji mutum kamar daga cikin rijiya yake waƙa. Dinamik, da yake ana kusanto da baki gare shi, muryar ke rinjayar duk wannan hayaniya.

Ga kuma batun wuta. Kowa na tuna yadda aka sha fama bayan da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, kuma ko ba wannan ba, lokacin zafi ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Wanda ya tayar da injin wuta don ya yi rikodin, ƙarar injin ce za ta zama ganga a waƙarsa. Don haka kayan da za su yi aiki da batirin salula ko na kwamfuta sun fi kayan da sai an jona su a bango.

To wanne za a saya? Idan salula kaɗai gare ka, mu dai abin da muka fi gamsuwa da shi shi ne dinamik mai kafar USB, irin Samson Q2U. Ana jona shi a salula da 'yar wayar OTG, ba sai da carte son ba, kuma yana da kafa ta biyu, XLR, wadda za ta yi amfani ran da aka samu manyan kaya. A Turai bai kai yuro 100 ba. Mai kwamfuta da ɗan ƙarfi zai iya haɗa Behringer XM8500, wanda ake samu wajen yuro 20, da ƙaramin carte son irin UM2. Shure SM58, wanda ya fito tun 1966 kuma har yau shi ne sarkin dandali, ya fi su ƙarko, amma na gaske ba ya kasa yuro 100. Yuro guda sefa 655 ne da 'yan kai, ku lissafa: jikka 65 ke nan tun kafin kuɗin ɗauko shi. Saboda haka in aka miƙo maku sabon SM58 a kwali a kan jikka goma, ko a kasuwar Maraɗi ne ko a Sabon Garin Kano, ku san jabu ne. Wataƙila ya yi magana, amma kada a biya kuɗin suna.

Akwai kuma wani kondansa mai ruwan zinariya, BM-800, da ake sayarwa da ƙafa da soso da komai a farashi mai daɗi. Yana da kyau a hoto, yana isa a yi hira a TikTok. Don waƙa da gita, sau da yawa sai ka ji wani "shii" na bin bayan sautin, musamman in an cusa shi kai tsaye a salula.

Gaskiya dinamik yana da nasa rashi. Ba ya fitar da ƙyallin sautin gita kamar kondansa. Wanda ke da ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da rufin azara, a unguwar da ke yin tsit bayan sallar lisha, to shi kondansa irin Audio-Technica AT2020 zai biya shi. Sai dai ya sani cewa kuɗin carte son mai volt 48 na jiransa, kuma kondansa ba ya shiri da ƙurar hunturu ko danshin damina. In an gama, a mayar da shi akwati a rufe.

Inda aka ajiye mikro ma rabin aiki ne, kuma kyauta ne. Kada a saita shi a bakin ramin gita, don can sautin ke yin gunji. A nufa shi wajen da wuyan gita ya haɗu da jikinta, tazarar taƙi guda. Mai gurmi ko garaya ma ya gwada haka, yana matsawa kaɗan-kaɗan yana saurare. Murya kuwa, faɗin hannu tsakanin baki da mikro, a ɗan karkace, don kada iskar "f" da "b" ta buga. A rataya bargo a bayan mawaƙi, a shimfiɗa tabarma, a jingina katifa a bango, a kashe fanka ko da ana gumi. A cire caja daga salula, don ita ke kawo gurnani. Mikro guda ya isa: a fara ɗaukar gita, sannan a sa abin saurare a kunne a ɗora murya a kai, da BandLab a salula ko Audacity a kwamfuta, duka ba a biya.

Kada ƙarancin kaya ya karya gwiwar kowa. Mdou Moctar, wanda yau ke zagaya Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma daga salula zuwa salula waƙoƙin suka bazu. A 2020 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da jerin waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da salula, suka aika ta WhatsApp.

'Yan uwa na waje, kafin ku sayi komai ku tambayi yaron abu uku: salula gare shi ko kwamfuta, wace irin kafar caji salular take da ita, kuma ɗakinsa na ƙasa ne ko na kwano. In kun sayi mikro, ku haɗo da wayarsa da ƙafar tsayar da shi a kwali guda, don mai riƙe da gita ba shi da hannun riƙe mikro.