Tukunyar Gas Ta Koma Kujera a Alelu

Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin kowa ya tsaya a kan fetur da kuɗin mota. Ba a cika waiwayar murhu ba, alhali a nan ne abin ya fi cizo a karkarar Jega, Aliero da Maiyama.

Kananzir ya riga ya fi ƙarfin talaka tun 2016 da aka sake masa farashi, risho ya koma kayan tarihi. 'Yan tsirarun da suka lallaɓa suka sayi tukunyar gas, a 2024 kilo ɗaya ya haura naira 1,000, sai tukunyar ta zama abin zama a tsakar gida. Daga Legas da Neja Delta tanka ke ɗauko gas ɗin, duk tashin da dizal ya yi a hanya matar ƙauye irin Alelu ce ke biya. Takwararta ta Legas tana bakin depo.

Amma a ganina tsada ba ita ce babbar matsalar ba. Yadda kuɗi ke shigowa gida ne. Manomin albasa ko shinkafa sau ɗaya ko biyu a shekara yake riƙe kuɗi masu kauri, sauran watanni cefanen yau a yau ake nema. Itace kuwa ana sayar da shi ɗauri-ɗauri, gwargwadon abin da ke bakin zani, in babu a tura yara daji. Gas yana son kuɗin tukunya a dunƙule, da kuɗin babur zuwa gari.

Masu cewa tuwon itace ya fi daɗi, al'ada ce ta hana mata gas, suna da ɗan abin faɗa. Sai dai matan nan ba su ƙi injin niƙa ba, ba su ƙi fitila mai hasken rana ba.

Daji yana ta ja da baya, an koma kan karan gero da kashin shanu, abin da ya kamata ya ruɓe a gona ya zama taki, a lokacin da buhun takin zamani ya gagari mutane. Ga hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara a duniya, kuma da uwar da goyonta tare suke shaƙa. Murhu mai tsimin itace, wanda maƙeran Jega za su iya ƙerawa, ya fi rabon tukwanen gas a taron siyasa amfani ga wannan yanki.