Yadda Aka Ceto Fim Ɗin "Shaihu Umar" Daga Halaka

Shekaru da dama masana harkar silima sun fid da tsammani ga fim ɗin "Shaihu Umar", wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 bisa littafin marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 2016 ne aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, har da uwar fim ɗin, watau asalin da ake wanke sauran kwafi daga gare shi. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta ɗauki nauyin gyaransa da taimakon ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Babban abokin gabar tsohon fim shi ne zafi da laima. Idan suka daɗe a kansa sai ya soma warin tsami, ya motse, ya nannaɗe, launinsa ya koɗe ya rinjaya zuwa ja. Ga ƙura, ga kuma karcen da injin majigi ke bari duk lokacin da aka nuna shi.

Aikin gyara irin wannan yakan fara da hannu. Akan share fim ɗin, a liƙe inda ya yage, sa'an nan na'ura ta ɗauki hotunansa ɗaya bayan ɗaya ta zuba cikin kwamfuta. Hotuna 24 ne ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, saboda haka fim mai tsawon minti 142 kamar "Shaihu Umar" ya haura hotuna 200,000.

Daga nan sai aikin matata, wadda ke tace hoto kamar yadda rariya ke tace gari. Takan gwada kowane hoto da na gabansa da na bayansa. Ɗigon da ya bayyana a hoto guda kaɗai ƙura ce, sai ta shafe shi ta cike gurbin daga maƙwabcinsa. Wata matatar tana tsai da rawar hoto, wata tana daidaita hasken da ke ƙyaftawa, wata kuma tana maido da launi.

Inda ake bukatar hattara shi ne wajen ƙara wa hoto kaifi. Matatar ba ta ƙara kome a kan abin da kyamara ta ɗauka tun farko. Abin da take yi kurum shi ne ƙarfafa bambancin haske da duhu a gefen abubuwa. In aka zarce, sai wani farin zobe ya kewaye fuskoki, fata ta yi sumul kamar kakin zuma. Kazalika matatar ƙura tana iya ɗaukar ƙyallin ido ko yashin da iska ta kwaso a matsayin datti ta goge. Dalili ke nan masu gyara ke bin aikin da ido, suna kuma adana kwafin farko ba tare da an taɓa shi ba.

Abin da laima ta cinye ƙurmus kuwa babu na'urar da za ta dawo da shi. "Shaihu Umar" ya tsira ne domin an riski uwarsa da sauran rai. Sauran tsofaffin fina-finan ƙasar nan, waɗanda ke ɗauke da fuskoki da sutura da muryoyin magabata, suna bukatar ɗaki mai sanyi marar laima tun kafin a kai ga zancen kwamfuta.