Hunturu a Stapleton: Abin da baƙin mai ke yi wa babur a watannin ajiya

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san babur ba ya hutu. Da rani da damina yana kan titi, ko da hunturu ma iyakaci mai shi ya ƙara riga ya ɗaura rawani. Idan inji na ɗigo, sai a tsaya wajen mai sayar da baƙin mai a bakin hanya a ƙara rabin gwangwani a wuce. Wannan ɗabi'a da yawancinmu muka taho da ita ba ta aiki a Stapleton, unguwar da ke bakin ruwa a arewa maso gabashin tsibirin Staten Island na birnin New York, daura da Park Hill inda 'yan Afirka ta Yamma, musamman 'yan Laberiya, suka daɗe da yin kaka-gida. A nan daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris yawancin masu babur kafe shi suke yi, saboda sanyin da kan sauka ƙasa da sifili da dare, da santsin ƙanƙara, da kuma gishirin da motocin hukumar tsaftace birni ke watsawa a Bay Street da sauran tituna, wanda ke cin ƙarfe kamar gara.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, zaman wata huɗu a wuri ɗaya kan yi wa inji ɓarnar da tafiyar wata huɗu ba za ta yi masa ba, kuma daga baƙin mai ɓarnar ke farawa.

Man da ya yi aiki tun bazara ba mai ne zalla ba. Akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, da toka, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da sinadarai masu tsami, sannan da ruwa. Mai karatu zai yi mamakin inda ruwan ya fito. Daga fetur ɗin kansa ne, domin duk litar da inji ya ƙona takan haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma kaɗan kan sulale ta gefen fistin ya gauraya da mai. Muddin babur na tafiya mai nisa, zafi na korar wannan ruwa. Da zarar an kafe shi, sai ruwan da tsamin su kwanta a kan boris da haƙoran giya su yi ta ci a hankali har sanyi ya wuce. Shi ya sa ake yin juye kafin ajiya, ba bayanta ba. A zagaya da babur ya yi zafi sosai, a juye tsohon man, a canza filta, a zuba sabo, a sake tayarwa ya ratsa ko'ina, sannan a kashe. Masu cewa asara ce a zuba sabon mai a injin da ba zai motsa ba, ba su taɓa biyan kuɗin buɗe inji a New York ba ne, inda bakanike da awa yake lissafin ladansa.

Wajen sayen man ma akwai abin lura. A gida an saba da mai kauri irin 20W-50, domin zafin ƙasarmu. Yawancin baburan Japan da ake hawa a nan 10W-40 littafinsu ke nema, kuma lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudu ne a cikin sanyi. Bugu da ƙari, a duba bayan galan a ga tambarin JASO MA ko MA2. Dalili kuwa shi ne a mafi yawan babura kuloci a cikin man inji yake wanka, kuma wasu mayukan mota na da sinadarin ƙara santsi da kan sa kuloci ya riƙa zamewa.

Sai babban kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato sauka gareji duk mako a tayar da babur minti biyar "don ya ɗumama". Minti biyar ba za su kai mai ga zafin digiri 100 da ake bukata ruwa ya ƙafe ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙarfe ya yi ɗumi, ya huce, raɓa ta kwanta a cikin inji da salansa, mako mai zuwa a ƙara wata. Wanda ya buɗe murfin mai a watan Maris ya ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, to sakamakon wannan ɗumamawa ke nan. Ga kuma hayaƙin da ba shi da wari amma yana kisa a rufaffen gareji. In ba za a hau a yi tafiyar aƙalla rabin awa ba, a bar shi ya yi barcinsa. Batir kawai ke bukatar kulawa, shi ma ƙaramar na'urar caji mai kashe kanta ta wadatar.

To, batun ɗigo fa? Ba kowane tabo ne abin tayar da hankali ba. Sanyi na sa roba ta ƙanƙance ta yi tauri, saboda haka tsohon oyil-sil ko fakin da bai taɓa nuna komai ba a watan Yuli zai iya fara naso a Janairu, wani lokaci kuma ya daina da kansa idan gari ya yi ɗumi. Kafe babur a jak ɗin gefe na ƙara abin, domin man duk yakan taru a hagu ya danni sil ɗin sandar giya da na bayan ƙaramin sifaket. Mai babban jak na tsakiya gara ya yi amfani da shi.

Hanyar gane gaskiya ba ta cin ko sisi. A goge ƙasan injin tas, a shimfiɗa farin kwali, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a dawo bayan mako. Idan ba a gane daga inda yake fitowa ba, a barbaɗa hoda a jikin injin, man zai zana hanyarsa da kansa. Kuma a tuna mai daga sama yake gangarowa, inda ya ɗiga ba lallai nan ne ramin ba. Sau da yawa laifin bai wuce na 'yar washar notin juye ba, wadda ake son a canza duk juye amma ake maimaita ta har ta baje, ko robar filta da ba ta zauna daidai ba. Kada a ce za a ƙara ɗaure notin da ƙarfi, domin kaskon mai na alminiyom ne, zarensa na cinyewa nan da nan. Wani lokacin ma ba inji ba ne, man da aka fesa wa sarƙa ne ke sauka. Tabo kamar girman kwabo a mako zai iya jiran bazara, in dai ana duba geji. Ruwan maganin toshe yoyo da ake sayarwa a shaguna kuwa, kumbura roba kawai yake yi, kuma ba zan zuba shi a man da kuloci ke ciki ba.

Akwai ɗigon da ba a yi masa haƙuri. Man da ke gangarowa daga ƙafafun gaba zai iya sauka a kan faifan birki. Man birki kansa, ban da cin fenti, raguwarsa na nufin ranar farko da aka hau za a iya taka birki a ji wayam. Sai fetur, wanda ya fi kowanne haɗari a gidajen da tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas ke kusa da wurin ajiya. A babur mai kafireto a rufe famfon fetur, domin idan allurar ciki ta gaji, fetur kan tsiyaya ya cika inji. Alamarsa ita ce mai ya ƙaru a geji maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur. Irin wannan ba a tayar da shi sai an sake juye.

Masu tsofaffin Harley-Davidson da Triumph da Norton, waɗanda tankin mansu daban yake da inji, su kuma akasin haka suke gani: man kan sulale daga tanki ya koma ƙasan inji, tanki ya zama kamar babu komai. Wanda ya yi gaggawar cikawa, yana tayarwa zai ga mai na ambaliya.

Wurin ajiyar ma sai an zaɓa. Dokar birni ta hana barin abin hawa a wuri ɗaya a kan titi fiye da kwana bakwai a jere. Mazauna Stapleton kuma ba su manta da guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ba, wadda ta ɗauko jirgin ruwan dakon kaya mai suna John B. Caddell ta ajiye shi a bakin Front Street. Gareji mai gangara a kusa da ruwa ba wurin barin babur wata huɗu ba ne.

Tsohon man da aka juye kuwa, a gida akwai masu neman sa don shafa wa katako saboda gara. A nan zubar da shi a kwata ko a shara laifi ne, kuma wasu magudanan titi kai-tsaye suke kaiwa teku. Dokar Jihar New York ta wajabta wa garejin da ke sayar da galan 500 na mai a shekara, da shagon da ke sayar da galan 1,000, su karɓi har galan biyar daga hannun mutum guda a rana, kyauta. A zuba shi a galan mai murfi, kada a gauraya shi da fetur ko man birki, domin in an gauraya za su iya ƙin karɓa. Wanda ya zube a ƙasa a rufe shi da yashin kyanwa a kwashe.

Rajistar babur a Jihar New York ranar 30 ga Afrilu take ƙarewa kowace shekara, kuma a daidai lokacin ne garejoji ke cika da masu neman gyara da takardar duba lafiyar babur. Wanda kwalinsa ya nuna masa sil ya mutu tun Janairu, gara ya kai wa bakanike a Fabrairu, lokacin da layi bai yi tsawo ba.