Gaskiya ko Jita-jita: Ƙarin da Ke Bin Raunin Garkuwar Jiki

Akwai wani irin ƙari da ba kasafai likitoci ke cin karo da shi ba. Yana tsirowa ne daga tsokar da ke aiki ba da umarnin mai ita ba, irin wadda ke bangon hanji da jijiyoyin jini. Kusan ba a ganinsa sai ga mai cutar ƙanjamau da ta ci ƙarfinsa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, ko yaron da aka haifa da raunin garkuwa. A 1995 ne bincike ya tabbatar da cewa ƙwayar bairas ta Epstein-Barr ce ke bayansa.

"Ana ɗaukarsa daga mai shi." Jita-jita ce. Ƙwayar ake ɗauka, ta yawu, amma ƙarin ba ya tsallakawa daga jiki zuwa jiki. An gano ƙwayar a Landan a 1964, cikin samfurin wani ƙari daban na yaran Yuganda da likita Denis Burkitt ya aika. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, galibi tun ƙuruciya, garkuwar jiki ta danne ta har ƙarshen rai. Mai ƙyamar kwanon majiyyaci, mai yiwuwa ƙwayar tana jikinsa tun yana rarrafe. Wannan ƙyama zalunci ce kawai.

"Tun da ya fito a hanta da huhu, ya gama bazuwa, sai addu'a." Nan ne mutane suka fi yanke ƙauna, kuma nan ne wannan ƙari ya sha bamban da yawancin ciwon daji. Da aka binciki ƙwayoyin halittarsa, sai aka ga sau da yawa kowane ƙulli tashin kansa ya yi, ba daga ɗan'uwansa ya ɓalle ba. Yawanci girmansa a hankali ne. Haɗarinsa ya danganta da inda ya zauna: wanda ya tsiro cikin ƙoƙon kai ko kusa da laka, kamar yadda aka fi gani ga masu ƙanjamau, ba ya jiran jinkiri. Hoto kaɗai ba ya tantance shi. Sai an gutsiri naman an nemi alamar ƙwayar a ciki.

Ƙarin mahaifa da ke addabar mata fa? Daga irin tsokar nan yake, amma babu ruwansa da wannan ƙwaya, kuma ba alamar ƙanjamau ba ne.

"Maganin dashe ne ya jawo shi, a daina sha." Da ƙamshin gaskiya, shi ya sa maganar ta fi sauran haɗari. Magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda su ne ke sassauta garkuwa. Sai dai wanda ya ajiye su da kansa yana iya rasa ƙodar da ɗan'uwansa ya sadaukar masa. Likita ne ke rage su da awo, ko ya sauya zuwa wani kamar sirolimus, a kuma cire ƙarin da tiyata idan zai ciru. Ga mai ƙanjamau kuwa, shan maganinsa kullum shi ne ginshiƙin jinyar.

Idan kana cikin waɗannan rukunai masu raunin garkuwa, ka ji ƙulli, ko ciwon kai ko na ciki da ya ƙi tafiya, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Koma wurin likitanka, kuma ka ci gaba da shan maganinka har ka gan shi.