Allurar Barci ga Yara Masu Ciwon Daji: Hukuncinta da Abin da ke kan Iyaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, yaron da ya kamu da sankarar jini ba sau ɗaya yake shan allura ba. Akan ɗibi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa don bincike, akan kuma soka allura tsakanin ƙasusuwan bayansa a ɗibi ruwa ko a sa magani. Aiki ne mai zafi, kuma ana so yaro ya kwanta bai motsa ba. Shi ya sa likita ke ba shi maganin barci, irin su ketamin, kafin a fara.

Wasu iyaye kan ce: Malam, wannan ba maye ba ne? A'a. Imamul Ƙarafi a cikin Al-Furuƙ ya rarrabe muskir, mai sa maye da nishaɗi, da murƙid, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani. Ibnu Farhun, shi ma Bamalike, ya halatta a shayar da murƙid don yanke gaɓa da makamancin haka. To ina ga ƙaramin yaro da za a danne yana ihu? Haƙuri ibada ne, amma barin yaro cikin azabar da ake iya ɗauke masa ba haƙuri ba ne.

Sai dai akwai amana a kanku. Likita zai hana yaro ci kafin aikin: galibi abinci awa 6, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Uwa, kada kukansa ya sa ki ba shi kunu ko koko a ɓoye. In ya yi amai yana cikin barci, abincin na iya faɗawa huhunsa, ya kai ga rasa rai. In ya riga ya ci, a faɗi gaskiya, a ɗaga aikin. Haka in yana mura ko zazzaɓi, ko an ba shi jiƙo. Rubutu ma abin sha ne, a ajiye shi sai likita ya ce a sha; addu'a da tofi kuwa ba su da lokaci.

In yana farfaɗowa kuka ga yana sambatu ko idanunsa na rawa, ba iska ba ce, aikin magani ne, zai wuce. Ku zauna kusa da shi, ku sanar da ma'aikatan jinya.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya saka wa masu jinya. Wallahu a'alamu.