Doguwar tafiya a ƙafa: abin da jikinka ke bukata kafin ka ɗauki hanya

 Yau shirin zai duba wani abu ne da kakanninmu suka sani sarai, amma mu 'yan zamanin mota da jirgin sama muka soma mantawa da shi, wato doguwar tafiya a ƙafa. Za mu ji abin da ke faruwa a jikin mutum idan ya yi kwana da kwanaki yana taka ƙasa, da irin shirin da ya kamata ya yi, sa'an nan mu ambaci wasu hanyoyi da mai sha'awa zai iya gwadawa. Sai a gyara zama.

To mai sauraro, bari mu fara da ƙasar Amurka. A gabashin ƙasar akwai wata siririyar hanya ta cikin kurmi da duwatsu da ake kira Appalachian Trail. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, tun daga Georgia a kudu har zuwa Maine a arewa. An kammala ta a shekarar 1937. A kowace shekara dubban mutane kan ɗaura niyyar taka ta daga farko har ƙarshe, tafiyar da kan ci wata biyar zuwa bakwai. Amma cikin kowane mutum huɗu, kusan ɗaya ne kawai ke kaiwa. Da yawa tun makonnin farko suke komawa gida, wasu da ciwon gwiwa, wasu da gyambo a ƙafa, wasu kuma kuɗi ne ko ƙarfin zuciya ya ƙare. Ga shi kuwa a shekarar 1955 wata dattijuwa mai suna Emma Gatewood, tana da shekara 67 da 'ya'ya 11, ta taka wannan hanya ita kaɗai har ƙarshe, da takalmin yadi da 'yar jakar da ta ɗinka da hannunta. Ka ga ke nan ƙarfin damtse kaɗai bai isa ba. Abin da doguwar tafiya ke so shi ne lissafi: lissafin ƙafa, da na kaya, da na lokaci, da na ruwa.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu sauraronmu na Kumasi da Accra da Tamale sun san cewa kalmar zango da ake kiran unguwanninsu da ita ta samo asali ne daga wurin da fatake kan yada zango, lokacin da suke tafiya da jakuna daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro. Haka nan dubban Hausawan da ke Sudan a yau zuriyar mahajjata ne da suka bi ta Cadi a ƙafa suna neman Makka. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san inda za a kwana da inda za a sha ruwa. Abin da masana ke gaya wa matafiya a yau bai yi nisa da wannan ba.

Mu fara da ƙafa, domin ita ce motarka. Abin da ya fi mayar da mutane gida shi ne bororo, wato kumburin nan mai ruwa da kan fito a diddige ko tsakanin yatsu. Yadda yake samuwa shi ne, a kowane taki fatar sama tana gogar safa, ƙashin da ke ciki kuma yana motsi ta wata fuskar. Idan aka yi haka sau dubbai, sai fata ta rabu daga ciki, ruwa ya cika gurbin. Zafi da danshin gumi suna gaggauta wannan. Saboda haka kada ka kuskura ka fara tafiya da sabon takalmi. Ka saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar wa yatsunka sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, ka kuma yi makonni kana yawo da shi a gari. Safar auduga tana riƙe gumi, don haka ta ulu ko ta zaren roba ta fi. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai zango. Mai ciwon sukari kuwa dole ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin yana iya samun rauni bai ji ba.

Na biyu, kaya. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada jakar da ka goya ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Idan nauyinka kilo 70 ne, to kilo 14 ke nan, har da ruwa da abinci. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ka nemi jaka mai ɗamarar ƙugu, domin nauyin ya sauka a kan ƙugu maimakon kafaɗu, ka kuma sa abubuwa masu nauyi kusa da bayanka. Ta wajen abinci, mai tafiya yini guda da kaya yana iya ƙona kusan ninki biyu na abin da mai zaman ofis ke ƙonawa. Guzurin da ya dace shi ne mara nauyi, mai riƙe ciki, wanda ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen nama, garin rogo da sukari. A riƙa ci kaɗan-kaɗan a kan hanya, kada a jira sai yunwa ta kayar da mutum.

Na uku, lokaci. A shekarar 1892 wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fito da wani ɗan lissafi da har yau ake amfani da shi. Ya ce a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sa'an nan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Misali, idan zangonka na yau kilomita 15 ne, kuma a ciki za ka hau tudu mai tsayin mita 600, to awa huɗu ke nan. Amma fa wannan lissafin mai lafiya ne da bai tsaya ba. Kai da ke ɗauke da kaya, za ka huta, za ka ci abinci, sai ka ƙara aƙalla awa ɗaya ko biyu, ka kuma tabbata za ka isa kafin faɗuwar rana. Wani abin lura shi ne, zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa da aiki, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sun fi su jinkiri. Shi ya sa mutum kan ji ƙarfi a mako na biyu ya ƙara nisa, sai gwiwa ta ƙi. A kwanakin farko kilomita 12 zuwa 15 sun isa. Hausawa dai sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

To yanzu sai babbar magana, wato ruwa da zafi. Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, kuma mai tafiya cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda. Idan ba a mayar da wannan ruwa ba, jini kan ragu, zuciya ta ƙara bugu, jiri da ciwon kai su biyo baya. Ma'auni mafi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi ja kuma ya ragu, jikinka na neman ruwa. Amma akwai wani haɗari ta ɗaya gefen da mutane ba su cika sani ba. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima ba ya cin komai, gishirin jininsa kan yi ƙasa, ya fara amai da ruɗewa, har ta kai ga suma. Maganin shi ne a sha gwargwadon ƙishirwa, a ci abu mai gishiri, a kuma riƙe 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari irin na asibiti. Ruwan rafi kuwa, ko da ya yi garau a ido, a tafasa shi na minti ɗaya, ko a tace da matatar matafiya, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa.

Idan zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, to rai ne ke cikin haɗari. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa sharkaf, a yi ta yi masa fifita, a kira agaji ba tare da ɓata lokaci ba. Ba mu manta da aikin Hajjin shekarar 2024 ba, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu. Hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu ba su da rajista, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba mafaka. Darasin shi ne a yi sammako, a fake da tsakar rana, a ci gaba da la'asar. Wanda kuma ya daɗe a ƙasar sanyi, jikinsa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi.

Sanyi ma yana kisa, musamman a kan tsauni. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Wanda ya tashi daga garin Buea zuwa ƙololuwar Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, zai tarar da bambancin kusan digiri 20. Rigar auduga da ta jiƙe da gumi ko ruwan sama tana zuƙe ɗumin jiki, don haka a sa tufafi hawa-hawa, a ɗora rigar ruwa a sama. Daga mita 2,500 kuma iska kan fara yin ƙaranci, ciwon tsauni ya soma: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ƙa'idar likitoci ita ce, bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Idan alamun suka tsananta, magani shi ne sauka, ko da dare ne. Nan kuma akwai gargaɗi na musamman gare mu: mai cutar sikila kada ya hau irin wannan tsauni sai da izinin likita. Ko mai ɗauke da ƙwayar halittar kawai, wato AS, yana iya samun matsalar saifa a can sama.

Masu sauraronmu na Amurka da Birtaniya kuma, ku kula da kaska. Cizonta na iya kawo cutar Lyme. A duba jiki kowane dare, idan an ga ta maƙale a cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a ja a miƙe.

To wace hanya za ka fara da ita? Idan kana Landan, ga hanyar bakin kogin Thames, mai kusan kilomita 300, shimfiɗaɗɗiya ce, kuma kana iya yin ta gutsure-gutsure a ƙarshen mako ka koma gida a jirgin ƙasa. Idan ƙafa ta saba, sai West Highland Way a Sikotilan, kilomita 154 daga gefen Glasgow zuwa Fort William, tafiyar kamar mako guda. Pennine Way, wadda aka buɗe a 1965, kilomita 431 ce, ga taɓo ga iska, don haka ta gwanaye ce. A Amurka ba dole ba ne ka yi Appalachian Trail gaba ɗaya. Yankinta da ke cikin gandun Shenandoah a jihar Virginia yana da sauƙi ga mai koyo. A Sifaniya akwai Camino de Santiago, tsohuwar hanyar ziyarar Kirista da yanzu mutane na kowane addini ke bi. Reshenta da ya taso daga kan iyakar Faransa kusan kilomita 800 ne, kuma ƙauyuka da masaukai suna kusa da juna, ba sai ka ɗauki tanti ba. A Jodan akwai hanya mai fiye da kilomita 600 daga Umm Qais zuwa Aqaba, wadda ta bi ta Petra. Lokacin sanyi da bazarar can ake yin ta, ba tsakiyar zafi ba. A nan Afirka kuwa ga Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, inda doka ta wajabta tafiya da ɗan jagora. Ka zaɓi tsarin kwana bakwai ko takwas a kan na kwana biyar, domin jiki ya sami lokacin sabawa. 'Yan jagoran can kalma ɗaya suke maimaitawa da Suwahili, pole pole, wato sannu-sannu.

Kowace ka zaɓa, ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da ranar da za ka dawo. Ka riƙe taswirar takarda da tocila, domin batirin waya kan mutu, sabis kuma kan ɗauke. Ka duba hasashen yanayi kafin ka fita. Lambar gaggawa a Birtaniya 999 ce, a Amurka 911, a ƙasashen Tarayyar Turai 112. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Idan kuma hadari ya haɗo ko jiki ya ƙi, ka juya. Dutsen yana nan, ba inda za shi.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Muna maraba da wasiƙunku da tambayoyinku kamar kullum. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.